Ba A Fafe Gora Ranar Tafiya

Waɗanda suka saba karanta littattafaina sun san ni da labarin soyayya da na kishi, to yau ba ƙagaggen labari na kawo muku ba. Abu ne da ya faru a cikin gidanmu, a kan yayata uwa ɗaya uba ɗaya, kuma sai da na nemi izininta kafin na ɗora biro a kan takarda. Ta ce in rubuta muddin ba zan kama suna ba, ko wata za ta karanta ta kauce wa ramin da ita ta faɗa.

Yaya ita ce 'yar fari a ɗakinmu, ni ce auta, tsakaninmu maza uku. Mijinta ya daɗe yana zaune a Amurka, a unguwar Bronx ta birnin Niyok, inda mutanen Afirka ta Yamma suke da yawa, har da Hausawan Najeriya da na Nijar da na zangon Kumasi. Shi ya yi mata takardu, ta tare a 2015 da 'yarsu ta fari, a can kuma ta ƙara haihuwar biyu. Bayan isarta aka aiko mata da katin zaman dindindin, wanda aka fi sani da girin kad. Shi ne shaidar cewa gwamnatin Amurka ta yarda mutum ya zauna ya yi aiki a ƙasar duk tsawon rayuwarsa, ko da yake bai zama ɗan ƙasa ba. Girmansa bai wuce katin cirar kuɗi na banki ba. Da hoton mai shi a jiki, da wata lamba tasa shi kaɗai da ake kira lambar A, da ranar da ya zama mazauni, da ranar da wa'adin katin zai ƙare. Tun 1989 ake yanka masa wa'adin shekara 10.

Ranar da katin ya iso, Abban yara ya karɓa ya zuba a durowarsa tare da fasfo da takardun haihuwa. Ba da wata muguwar manufa ba, haka dai muka taso muka gani, takarda ta maigida ce. Yaya ta ce min shekara tara ba ta taɓa zama ta karanta abin da ke jikin katin nan ba. In za ta yi tafiya ya ɗauko ya ba ta, in ta dawo ta miƙa masa. Ba ta ma san dokar ƙasar ta ce duk wanda ya kai shekara 18 katinsa ya kasance a tare da shi ba.

Ni kuwa sau ɗaya na taɓa riƙe shi. Da ta zo gida a 2019 ina cikin rubuta wani littafi da yarinyar ciki za ta auri mazaunin Amurka, sai na ce, “Yaya, don Allah nuna min katin nan da ake ta zancensa, kada in rubuta shirme a yi min dariya.” Ta ɗauko ta ba ni, na ɗauki hotonsa gaba da baya a wayata, muka ci gaba da hirarmu. Littafin ma ban ƙarasa shi ba har yau. Ashe hoton da nasa aikin a gaba.

A watan Mayun 2024 Innarmu ta faɗi, ɓarin jikinta na dama ya shanye. Yaya ta taho cikin gaggawa, ta bar yara a hannun ubansu da wata maƙwabciyarsu 'yar Kumasi mai kirki. A filin jirgi Abban yara ya danƙa mata katin ya ce, “Ki kula da shi kamar ranki, in ya ɓata ba ke ba dawowa.” Tsoratarwa ce kawai ya yi don ta kiyaye, amma maganar nan ta zauna mata daram a zuciya. Saboda ita ne ta ƙi barin katin a akwati, ko ina za ta yana cikin ƙaramar jakarta ta kuɗi.

Wata biyar tana jinya. Ita ce wanka, ita ce juya Inna a kan gado, ita ce kai ta gashin ƙashi, don ni a lokacin ina goyon jariri. Da jiki ya ɗan yi dama-dama sai ta sa ranar komawa a watan Oktoba. Saura kwana takwas ta tashi ta shiga kasuwa sayen tsaraba, atamfa da yaji da kuka da daddawa. Ta hau adaidaita sahu da kaya niƙi-niƙi, ta sauka a bakin layinmu, ta biya shi da canjin da ke hannunta. Sai da ta yi sallar magariba ta laluba ta ji babu jakar.

Ba ta faɗa wa kowa ba. Washegari ta fita ita kaɗai ta yini tana leƙa fuskar masu adaidaita, kamar mai neman allura cikin ruwa. Da ta rasa, sai ta buga wa mijinta waya ta ce jikin Inna ya tashi, a ɗaga tikiti. Ya ɗaga zuwa Nuwamba. Nuwamba ta zo ta sake cewa jikin Inna. A tsakanin nan wata ƙawarta ta haɗa ta da wani mutum mai bakin ganga, wanda ya ce ya san manya a ciki, zai fito mata da sabon kati cikin sati uku in ta kawo naira miliyan biyu. Yaya ta ɗauki sarƙarta da 'yan kunne na zinare ta sayar, ta ba shi kafin alƙalami. Daga ranar wayarsa ba ta sake shiga ba.

Mu dai muna ganin tana ramewa, muna cewa wahalar jinya ce. Inna ce ta gano. Kun san alkunyar iyayenmu a kan ɗan fari, tunda nake ban taɓa jin Inna ta kama sunan Yaya ba. Wani dare a farkon Janairun 2025 ina ba ta kunu, sai ta kama hannuna da hannunta mai lafiya, ta yi magana da harshenta da ya yi nauyi, ta ce, “Auta, tambayi waccan abin da ya hana ta komawa ɗakinta. Ni dai ba ciwona ba ne. Kullum dare ina jin kukanta.”

Na ja Yaya zuwa tsakar gida. Ban gama tambaya ba ta fashe da kuka.

“Auta, na shiga uku. Katin ya ɓata tun Oktoba. Na rabu da 'ya'yana ke nan.”

“Haba Yaya! Wata uku kina ɗauke da wannan ke kaɗai? Kin san lambar katin?”

“Wace lamba?”

Nan gabana ya faɗi. Can sai na tuna da hoton. Na ɗauko tsohuwar wayata mai fasasshen gilashi daga ƙasan akwati, muka jona ta a caji muna zaune muna kallonta kamar masu jiran haihuwa. Da ta kawo wuta na yi ta ja baya har na kai 2019. Ga katin Yaya nan, gaba da baya, lamba ta fito raɗau.

Ni ba wani dogon boko na yi ba, sakandare na gama aka yi min aure. Amma na zauna da yayanmu na uku da ƙamus, muka buɗe shafin intanet na USCIS, wato hukumar da ke kula da zama da ba da shaidar ɗan ƙasa a Amurka, muka yi kwana biyu muna karantawa layi-layi. Abin da muka fara ganowa shi ya sa na ji kamar in yi guɗa in yi kuka a lokaci guda. Ashe katin daban, matsayin zama daban. Katin shaida ce kawai, kamar yadda takardar aure take shaidar aure. In takardar aurenki ta ƙone ai igiya ba ta tsinke ba. Haka in girin kad mai shekara 10 ya ɓata, ko aka sace, ko wa'adinsa ya ƙare, matsayinki yana nan, sabon kati kawai za ki nema. Duk kukan da Yaya ta yi wata uku a kan abin da bai mutu ba ta yi shi.

Amma abu na biyu da muka gano shi ne mai tayar da hankali, kuma shi ne Yaya ba ta taɓa ji ba. Abin da yake iya kashe matsayin shi ne daɗewa a waje. Katin yana mayar da mutum Amurka ne in tafiyarsa ba ta kai shekara ɗaya ba. In ta wuce shekara ba tare da izini na musamman ba, ana iya ɗauka ya yi watsi da zamansa. Daga nan sai dai ya nemi wata biza da ake kira SB-1, ya kawo hujja cewa wani abu ne da ya fi ƙarfinsa ya riƙe shi, kuma ba lallai ne a ba shi ba. Ko wata shida mutum ya wuce, sai ya shirya amsa tambayoyi a filin jirgi. Muka ƙirga da yatsa, Yaya ta fito a Mayu, ga mu a Janairu. Wata takwas sun tafi. Ashe ɓoyon da take yi don tsoron rasa 'ya'yanta, shi ne yake tura ta ga rasa su.

Hanyar wanda katinsa ya ɓata yana ƙasar waje a fili take, ba ta buƙatar sanin kowa a ciki. Kamfanin jirgi ba zai ɗauke ki zuwa Amurka ba sai da shaida, saboda haka sai ki cike fom mai lamba I-131A, ki biya kuɗinsa ta intanet, sannan ki je ofishin jakadancin Amurka da ƙafarki. Kuɗin a lokacin dala 575 ne, dala ɗaya kuwa tana wajen naira 1,500, kun ga ya haura naira 850,000. Ba mu da su, zinaren ma ya tafi. Dole dai a faɗa wa Abban yara.

Yaya ta riƙe wayar hannunta yana rawa, ni ina gefenta. Ta faɗa masa komai, har zancen sarƙa. Ya yi shiru har muka zaci layin ya yanke. Can ya ce, “Ni na jawo, da na ce miki in ya ɓata ba ke ba dawowa. Amma ke ma kin cuce ni, kin cuci yaran nan. Ƙaramin kullum sai ya tambaye ni yaushe za ki dawo.” A daren ya biya kuɗin ya turo mana shaidar biya.

Muka haɗa abin da ake nema: fasfonta, da kwafin hoton katin da na ɗauka, da tikitin da ya nuna ranar da ta baro Amurka da na ranar da take son komawa, da sabon hoton fasfo, muka ƙara da rahoton 'yan sanda na ɓatan jakar. Ranar da aka ba ta, yayanmu ya raka ta. Aka yi mata tambayoyi, aka duba bayananta, daga baya aka liƙa mata wata takarda a cikin fasfo mai kama da biza. Ita wannan takarda ta shiga jirgi ce kawai, sau ɗaya ake amfani da ita, kuma kwana 30 ne wa'adinta. Da ta fito, babu sauran zama.

Abin da ya fi ci min rai ke nan. A daidai lokacin, cikin watan Maris, jikin Inna ya tashi da gaske. Ƙaryar da Yaya ta yi ta yi wata uku sai ga ta ta zama gaskiya a ranar da ba ta da ikon ƙara ko sati biyu. Ta durƙusa a gaban gadon ta ce ita ta fasa, kome zai faru ya faru. Inna ta juyar da kai wajen bango ta ce, “Tashi ki tafi. Ni na ga girman nawa 'ya'yan, naki ba su ga komai ba tukuna. Na yafe miki duniya da lahira.” Haka Yaya ta fita daga gidan nan tana waiwaye.

Da ta sauka a Niyok jami'an shige da fice suka shigar da ita wani ɗaki, suka tambaye ta dalilin da ya sa ta yi wata goma a waje. Ta nuna musu takardun asibitin Inna da muka sa aka haɗa mata, da shaidar cewa mijinta da 'ya'yanta da gidanta duk suna can. Suka bar ta ta wuce.

Sai kuma neman sabon katin kansa, wanda ba a yin sa sai mutum yana cikin Amurka. Fom ɗinsa I-90 ne, shi ne na wanda katinsa ya ɓata, ko aka sace, ko ya lalace, ko wa'adinsa ya ƙare, ko aka canza suna. Daga 1 ga Afrilun 2024 kuɗinsa ya zama dala 415 in ta intanet aka cike, dala 465 in a takarda ne, amma kuɗin hukuma yakan canza, sai a duba kafin a biya. Bayan an tura za a aiko da takardar shaidar karɓa, ana kuma iya kiran mutum a ɗauki hotonsa da zanen yatsunsa. Katin yakan ɗauki watanni kafin ya fito. Wadda katinta ƙarewa ya yi yana hannunta, tun Satumbar 2024 ita wannan takardar shaidar karɓa tana ƙara wa tsohon katin wata 36, sai ta riƙa haɗa su biyu tana nunawa. Wadda kuwa nata ɓata ya yi kamar Yaya, tana iya neman a buga mata hatimin wucin gadi da zai tsaya a madadin katin kafin sabo ya iso. A wannan karon Yaya da kanta ta zauna ta cike fom ɗin, 'yarta ta fari tana karanta mata.

Inna ta rasu a watan Yunin 2025, da asubahin wata Talata. Kafin azahar an kai ta makwancinta. Ta waya Yaya ta ji salatin mata. Allah Ya jiƙanta, Ya sa ciwon ya zama kaffara.

Bayan an share makoki na koma kan shafin nan ina karantawa, ban san me nake nema ba. Nan na ga abin da ya hana ni barci. Akwai takardar izinin komawa da ake nema da fom I-131. Mutum yana cikin Amurka yake nemanta tun kafin ya fito, kuma tana ba shi dama ya zauna a waje har kusan shekara biyu. Wadda ta san jinyar uwa za ta, ita ya kamata ta nema. Sannan wanda ya yi shekara biyar da katin yana iya neman zama ɗan ƙasa, shekara uku ma in yana zaune da miji ko mata 'yan ƙasa. Ɗan ƙasa kuwa ko shekara nawa ya yi a waje babu mai ƙirga masa, kuma tsarin mulkin Najeriya na 1999 bai hana haifaffen ɗan Najeriya riƙe shaidar wata ƙasa ba. Tun 2020 Yaya ta cancanci ta nema. Tsoron jarrabawar Turanci da ta tarihin ƙasar ne ya hana ta, babu kuma wanda ya zaunar da ita ya nuna mata amfanin abin. Na san kwana in ya ƙare ya ƙare, zaman Yaya ba zai ƙara wa Inna ko minti ɗaya ba. Amma da a kan cinyar 'yarta ta fari za ta cika.

To 'yar uwa, ke da ake shirin kai ki Amurka, ko kike da ƙanwa ko 'ya a can, ga abin da muka saya da tsada na ba ki kyauta. Ranar da katinki ya iso ki karɓa ki karanta shi da idonki. Ki haddace lambar A kamar yadda kika haddace lambar wayarki. Ki ɗauki hotonsa gaba da baya, ki tura wa wani amintacce a gida. Ki rubuta ranar ƙarewarsa a inda za ki riƙa gani, domin ana fara neman sabuntawa ne tun saura wata shida. In kun tashi daga gida ki tabbata an sanar da hukuma sabon adireshi cikin kwana 10, don ta gidan waya katin yake zuwa.

Amare kuma ku buɗe kunne da kyau. In aurenki bai cika shekara biyu ba ranar da aka ba ki zama, katin da za a ba ki mai sharaɗi ne, shekara biyu kacal yake yi. Shi ba a sabunta shi da I-90. Fom ɗinsa I-751 ne, ana tura shi cikin kwana 90 na ƙarshe kafin wa'adin ya cika, yawanci ke da mijinki tare. Wannan in kika yi sake ya ƙare, ba katin kaɗai ba, matsayin ma yana tafiya. In kuma auren ya mutu, ko ana cutar da ke a cikinsa, doka ta ba ki dama ki nema ke kaɗai, kada wani ya riƙe ki da barazanar takarda.

In kuwa ƙaddara ta faɗa miki katin ya ɓata, ki faɗa a ranar. Faɗan miji na yini ɗaya ne, kwanakin da hukuma take ƙirgawa kuwa ba sa dawowa. Kada ki kai kuɗinki wurin mai cewa ya san wani a ciki. Fom ɗin nan kyauta ake samunsu a shafin hukumar, kuɗin aiki kuma hukuma ake biya kai tsaye. In al'amarin ya rikice, lauyan shige da fice mai lasisi za ki nema.

Wata za ta ce ni da ko Kaduna ban taɓa wucewa ba, ina ruwana da katin Amurka? Da ruwanki. Tashi yanzu ki tambayi kanki ina fasfonki, na shekara 5 ne ko na 10, kuma yaushe zai ƙare? Ina lambarki ta NIN? Ina takardun haihuwar 'ya'yanki? In maigida ya yi tafiya yau aka nemi ɗaya daga ciki, kin san durowar da za ki buɗe? Neman sanin wannan ba raini ba ne ga miji, taimakonsa ne, don ranar da abu ya ɓaci ku biyu za ku sha wahalar.

Ni dai da na dawo daga sadakar bakwai ɗin Inna, na sami maigidana na ce ya ba ni aron jakar takardunsa na dare ɗaya. Ya yi dariya ya ce ko wani littafin zan rubuta? Na ce eh. Na baje su a kan tabarma na bi su ɗaya bayan ɗaya ina ɗaukar hoto. A nan na ga nawa fasfon ya mutu tun shekara biyu da suka wuce, ni da nake shirin ba wasu shawara.

Sabon katin Yaya ya iso daga baya. Yana cikin jakarta, kwafinsa yana wurina, ta kuma shiga ajin koyon Turanci na yamma a unguwarsu. Ta ce in gaishe ku.

Sai mun haɗu a rubutu na gaba. Taku har kullum.